Rasuwar Mai Fitilu, Wadda Aka Lulluɓe da Ranta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da hancin da har yanzu bai rabu da ƙaurin roba ba, ni Abdussamadu, ma'aikacin gwamnati mazaunin Badariya a Birnin Kebbi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda aka fi sani da Mai Fitilu. Ta cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, a tsakiyar falo, bayan gajeriyar jinyar da ba wanda ya gani, domin a lulluɓe take. Ba ta cika shekara biyu a duniya ba, in an yarda da abin da mai sayarwa ya faɗa game da haihuwarta.

Marigayiya 'yar babban gida ce. An ƙera ta ne don wasannin kwamfuta masu nauyi, ta kuma zo a haɗe, ba sai an nemo mata komai ba, da ƙirjin gilashi da fitilu masu sauya launi daga ja zuwa kore zuwa shuɗi. Ta shigo gidanmu a kan rangwame. Na karanta tattalin arziki a jami'a, inda aka koya mana cewa ɗan kasuwa ba ya rage wa kaya kuɗi saboda ya ga hasken fuskarka. Na ci jarrabawar wannan darasi da kyau. Masu magana sun ce araha ba ta ado. Marigayiya ta ƙaryata su, domin ado kam ta yi shi. Lafiya ce ba ta zo da ita ba.

Wajibi ne a faɗi abin da ya kawo ta. Ina da ɗan fari, namiji, ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ya dawo gida ya zauna. Jama'a za su yi mini uzuri in ban ambaci sunansa ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya yabonsa, balle ya roƙe shi. Haka mahaifina ya yi da yayana, haka na tashi na tarar. In ina son magana da shi sai in gaya wa uwarsa, Hamida, ita ma ta juyar da kai ta gaya wa bango, shi kuma ya ji.

A shekarar da ya dawo ne samarin unguwa suka fara ƙarewa. Akwai wani direba, Riskuwa, mai mota buɗaɗɗiyar baya, da ke kwasar su ya bi ta Argungu ya ƙetare iyaka, ya miƙe arewa zuwa wajen haƙar zinari, can inda ƙasa ta ƙare yashi ya karɓa. Munzali, babban abokin ɗana, yana cikin waɗanda suka tafi. Da farko yakan kira. Daga baya wayarsa ta koma cewa a kashe take. Mahaifiyarsa Kulu har yau tana kiran lambar kowace Juma'a.

Wata rana na ga jarka a bayan ƙofar ɗana, an ɗinke ta tsaf cikin buhu. Mai zuwa Ambursa nan kusa ba ya ɗinke jarka cikin buhu, sai mai shirin shiga sahara.

Wani uban zai kira ɗansa ya ce masa kada ya tafi. Ni na sayi kwamfuta. Na ajiye kwalin a falo na fita masallaci. Da na dawo Hamida ta isar mini da amsarsa, tana kallon bango: "Ya ce a hwaɗa ma Baba, muddin tana lumfashi, shi yana nan."

To, ta yi numfashi, kuma za a shaide ta da alheri. Da an taɓa ta sai ta ce "ƙit," sannan ta ja dogon "fuuu," kamar mai shirin ɗaukar buhun shinkafa. Da rana tana tace bidiyon bukukuwa, na Argungu da na Gulma da na cikin gari, tana gyara fuskar angwaye ba tare da ta tona asirin kowa ba. Da yamma samarin da suka rage a unguwa sukan taru a gabanta su buga ƙwallo da yatsu, suna zagin alƙalin wasan da ba shi da uwa balle ta ji haushi. Ba ta taɓa neman abinci ba sai wuta, ita ma in an kawo. A zamaninta aka warware buhun nan, jarka ta koma madafa tana ajiyar ruwan girki. Ban san wani malami ko basarake da ya yi wa gidana irin wannan aiki ba.

Sai dai da ciwonta ta zo. Likitanta, Irimiya, mutumin Filato mai shagon gyara a bakin kasuwa, ya buɗe cikinta tun tana sabuwa. Ya daɗe yana leƙe da tocila, sannan ya ce, "Malam, wannan kwalliyar duka a waje aka yi ta. Ciki sai addu'a." Ya nuna mana akwatin da ke raba mata wuta: ba suna, ba ƙasar haihuwa, ga shi sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Bakin wayarsa kuma an yi shi da wata siffa ta daban, yadda ba na kowane kamfani zai shiga ba. Ram ɗinta, wato abin da take riƙe tunani da shi, sanda ɗaya tal. Gabanta an toshe shi da gilashi don kyau, fanka ɗaya ce a baya ke fama da zafin Kebbi ita kaɗai.

Aka zauna shawarar magani. Ɗana, ta bakin uwarsa, yana son a sa mata babban katin hoto don wasa ya ƙara kyau. Aka auna da tsinken tsintsiya, aka ga ko an shafa mai ba zai shiga ba. Irimiya yana son a fara da ƙarin fankoki da sabon akwatin wuta, ko da sai an yi masa dabarar haɗi. Ni ne shugaban zama, kuma na shekara ashirin da wani abu ina zaman kwamiti, saboda haka na san abin yi. Aka amince da ƙarin ram, domin shi ne ake ganin amfaninsa nan take. Maganar fanka aka ɗage ta zuwa bayan girbin fadama. An yi girbi. An sake yin wani.

Ranar da abin zai faru, bazara ta kai inda kaza ke tafiya baki buɗe. Ɗana ya tafi Argungu ɗauko ragowar bidiyon wani biki, ya bar marigayiya tana haɗa kashin farko, aikin da ke sa ta gumi ko da sanyi. Ya bar wasiyya: kada a taɓa ta, kada a kashe ta. Bayan azahar sai ga Malam Zayyanu, kawun Hamida, daga Ambursa, ba sanarwa. Malam mutum ne da ko rediyo ya ji ana kiɗa sai ya nemi tsari. Ga shi zai zauna a falo, ga marigayiya a kusurwa tana ja, tana kore, tana shuɗi, kamar ƙofar gidan rawa.

A nan sai a yi wa Hamida adalci. A gidajenmu abin da ake girmamawa rufe shi ake yi. Talabijin na da mayafinta, rediyo na da nasa, tuwon maigida ba ya zama ba faifai. Tun tuni ta sa tela ya ɗinka wa marigayiya riga mai soso a ciki, da aikin zare a baki, don ta fi kowa sanin abin da wannan na'ura ke riƙe mata a gida. Ta ɗauko rigar ta zura mata har ƙasa. Haske ya ci gaba da leƙowa, ta ƙara bargo. Ta kawo kaskon turaren wuta ta ajiye a gefe, don baƙo. Ba ta taɓa makunni ba. Wasiyya ta cika.

Shaidu sun ce "fuuu" ɗin ya koma "huuu," daga nan ya koma wani irin gurnani. Malam ya dakata da shan fura ya ce, "Ɗiyata, mi ka kuka ƙarƙashin bargo haka?"

Hamida ta ce, "Injin yara na, Kawu."

Ya ce, "Allah shi ba shi lahiya."

Ba a daɗe ba aka ji "tas." Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Wani siririn hayaƙi ya fito ta gindin bargo ya gauraya da na kasko, har Malam ya tambayi inda ake sayen wannan turare, wai yana da ƙarfi.

Ni na yaye mata bargon da na dawo daga ofis. Jikinta da zafi har la'asar sakaliya. Iyalan marigayiya ba su zargi kowa ba, kuma suna roƙon jama'a kada su zarga. Abin da Hamida ta iya ce mini kawai shi ne, "Malam, mutunci niy yi mata." Tun ranar ba ta ci abin kirki ba.

Ɗana ya dawo kafin magariba. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya danna makunni, ya jira "ƙit." Ya sake dannawa. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Ba komi, Inna." Na zauna da mutane iri-iri, na ji barazana a ofis da wajen ofis, ban taɓa jin maganar da ta tsorata ni kamar wannan "ba komi" ba. Washegari Hamida ta nemi jarkar ruwan girki ta rasa.

Muna godiya ga waɗanda suka zo gaisuwa. Na farkonsu Riskuwa ne, wanda ya iso tun kafin mu gaya wa kowa. Ban san wa ke kai wa ungulu labari ba. Ya tuɓe takalmi da ladabi, ya zauna, ya ce, "Malam, Allah shi maida alheri. Kayan duniya na. Yaro dai ga shi da ƙarhinai, kar a bari zama shi cinye shi." Ya sha ruwa yana kallon ƙofar ɗakin ɗana. Da zai fita ya gaya wa iska cewa Asabar da hantsi za su tashi, kuma saura wuri ɗaya. Bayansa Kulu ta shigo. Ba ta ko dubi gawar ba. Ta zauna kusa da Hamida, wayarta a tafin hannu. Da za ta tafi ta ce, "Ku ɓoye takalminai."

Marigayiya ta rasu ta bar allon kallo, wanda ya shiga takaba da baƙar fuska. Da kibod, da maus, marasa aikin yi kamar sauran 'yan unguwa. Da sitabilaiza, wanda yake bakin aiki lokacin da abin ya faru amma ya ce bai ga komai ba. Binciken Irimiya ya nuna akwatin wuta ne ya fara tafiya, kuma da yake ba shi da tarbiyya bai tafi shi kaɗai ba, ya ja babban allon ciki da katin hoto. Tagwayen ram sun tsira. Irimiya ya nuna sha'awar riƙon marayun, an gode masa, an kuma ƙirga su bayan fitarsa. Faifan ajiya ma yana raye, da bikin mutanen Argungu a cikinsa, amarya na tsaye a tsakiyar fili tana jiran wanda zai ƙarasa ta.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi salla ba. Na tuntuɓi liman, ya yi mini kallon da ya wadatar. Irimiya zai yi mata wanka da burushi da iska a shagonsa. Ba za a binne ta duka ba. Ya ce in an cire gilashin gaba an sa raga, gangar jikin za ta iya ɗaukar sabon ciki: akwatin wuta mai suna da asali, da fankoki gaba da baya, ba fitila ko ɗaya. Ba za ta yi kyan ta dā ba, amma za ta yi numfashi. Babur ɗina, wanda ya yi mini hidima tun ina ƙaramin ma'aikaci, ya amince ya ba da ransa don wannan aiki, kuma tun jiya ya koma hannun wani mutumin Gulma. An roƙi masu zuwa kada su kawo mayafi, ko bargo, ko turare.

Za a ɗauki gawa daga gida ranar Asabar da hantsi. Na san wannan lokaci ya yi karo da tashin wata mota. Ba kuskuren rubutu ba ne.

Tunda babu babur, a ƙafa za a kai ta, daga Badariya har bakin kasuwa. Ba ta da nauyi sosai, amma tafiyar da nisa, kuma ba kayan da mutum ɗaya zai runguma ba ne. Ni zan kama gefe ɗaya. Ban nemi kowa daga cikin maƙwabta ya kama ɗayan ba, kuma wanda ya yi tayi zan ba shi haƙuri. In hantsi ya wuce ba a samu mai kamawa ba, za a same ni a ƙofar gida, tsaye, da rabin gawa a hannu.

Na san dattawa za su ce na zubar da kunya a bainar jama'a, da furfurata. Su yi haƙuri. Na ga abin da rufi ya yi wa marigayiya.

Nu'uman, ɗana, ɗaya gefen naka ne.