Fanshon Wanda Ya Mutu Sau Uku

Babu abin da ya kai tsohon soja ban tausayi idan ƙasar da ya yi wa yaƙi ta manta da shi. Abin ya fi tsanani idan ƙasar ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Wani mutuminmu ne a Old Trafford, unguwa a Manchester ta Ingila, mai raba parcel da farar mota. Shekararsa hamsin da 'yan kai, sha ɗaya daga ciki ya yi su yana hawan bene da kwalayen mutane. Ba za a kira shi raggo ba. Mutum ne dai da ya daɗe yana zargin cewa don zama aka halicce shi, duniya ce ta yi kuskuren ba shi ƙafafu.

Ran nan abokinsa Issifu, mutumin Kumasi mai tuƙa tasi a Birmingham, ya kira shi a waya.

"Massa, akwai aiki weekend. Fam arba'in kullum, da abinci."

"Wane irin aiki?"

"Yaƙi."

Ashe wata ƙungiya ce ta masu sha'awar tarihi ta kama fili a bayan garin Birmingham, za ta kwaikwayi yaƙin da Amurkawa suka yi da Ingila don neman 'yanci, shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce. Mutanen ƙasar nan suna da haƙuri. An ci su da yaƙi, amma su ne ke hayar fili su sake nuna yadda aka ci su, har da sayar da tikiti da ice cream.

Ranar Asabar aka ba mutumin jar riga ta sojan Ingila, da hula mai kusurwa uku, da doguwar bindiga mai hayaƙi ba harsashi. Issifu ya samu shuɗiyar riga ta Amurkawa. Aikin ba wuya: ka yi tafiya a layi, in an busa usur ka faɗi ka mutu. Ya mutu da ƙarfe sha ɗaya, ya tashi ya ci sandwich, ya sake mutuwa da ƙarfe uku. Ranar Lahadi suka yi musayar riga da Issifu, saboda jar ta matse masa ciki. Da aka busa usur ya faɗi kamar yadda ya saba, sai dai an yi ruwa da safe, gwiwarsa ta sauka a kan turken tanti.

Yana kwance a mace cikin taɓo, sai ya ji matar da ke yi wa 'yan kallo bayani a lasifika tana cewa, bayan an gama wannan yaƙi da shekara kusan hamsin, tsofaffin da suka yi shi sun nemi fansho wurin gwamnatin Amurka. Da yawansu ba su da ko guntun takarda. Sai dattijo ya je gaban alƙali ya rantse, ya ba da labarin yaƙinsa, ya kawo wanda zai shaide shi, a biya shi har ƙarshen ransa.

Gawar ta buɗe ido ɗaya.

Da ya koma Manchester, ya shiga gida yana ɗingishin da bai yi ba a tashar jirgi. Matarsa Saudatu, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Oxford Road, tana yanka albasa.

"Saudatu, na yi ritaya."

"Daga me?"

"Daga soja."

"Yaushe ka shiga, Baban Aliya?"

"Jiya."

Ta dubi gwiwar, ta latsa nan ta latsa can, ta ce ƙwarzane ne. GP, likitan unguwa, shi ma ya faɗi haka da Turanci. Amma shi ya riga ya kira mai kamfanin parcel ya shaida masa raunin yaƙi ne. Mai kamfanin ya ce to, in ƙafar ta warke ya dawo, motarsa na nan.

Sai ya ja doguwar kujerar falo kusa da hita, ya ɗora ƙafa a kan filo, ya zauna.

Ya zauna watan Yuli. Ya zauna Agusta. Ya rubuta tarihin yaƙinsa shafi goma sha huɗu, wanda, in aka yi la'akari da cewa kowane fage bai wuce minti ashirin ba, kuma rabinsa a kwance ya yi shi, ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. A masallaci aka fara kiransa Manjo. Bai hana ba, ya dai ce shi ba mai son a riƙa tuna masa abin da ya gani ba ne. Saudatu ta ƙara shift biyu a mako. Takardar council tax, harajin gida, ta zo, ya ce a ajiye, Amurka za ta ji da ita.

Saudatu mace ce mai ƙarancin magana. Sai da Nuwamba ya kama, kujerar ta yi rami daidai siffarsa, sannan ta ce:

"Baban Aliya, ko ka kawo mini takardar lauya da ta ce za a biya ka, ko ka tashi daga kujerar nan. Ɗaya dai."

"Gobe ma kuwa."

Issifu ya ce ya san wani lauya a unguwar Sparkhill ta Birmingham, Barista Manasseh, mutumin Jos, yana da ofis a saman wani shagon atamfa a Stratford Road. Aikinsa takardun zama da rigimar masu gida da 'yan haya. Ya yi shekara ashirin yana sauraron mutanenmu, saboda haka fuskarsa ta daina motsi.

Mutumin ya shiga da sanda, Issifu na biye. Ya ajiye shafi sha huɗu a kan tebur. Barista ya karanta na farko, ya leƙa na ƙarshe, ya cire tabarau.

"Yallaɓai, ka san yaushe aka yi wannan yaƙi?"

"Watan Yuli."

"Na asalin nake nufi. Shekara ɗari biyu da hamsin ke nan."

"To ka ga arrears sun taru."

"Shekararka nawa?"

"Nawa ake buƙata?"

Barista ya dube shi.

"Barista, kada shekaru su dame ka. Ba declaration of age ba ne? Ina da yaro a can gida, in na tura masa saƙo yanzu, kafin azahar ya turo da hatimi. Ni kaina takardar haihuwa uku gare ni, kowacce da amfaninta."

"Ban ji wannan ba."

"Na ce uku..."

"Na ce ban ji ba. Mu wuce. A wane ɓangare ka yi yaƙin?"

"Asabar ina Ingila, Lahadi ina Amurka."

"Wato ka gudu daga rundunarka ka shiga ta abokan gaba."

"Rigar ce ta matse ni."

"A wancan zamani, rataye mutum ake yi a kan wannan."

"To ai shi ya sa na bari aka kwana biyu. Kuma ka duba alherin abin: in Amurka ta yi taurin kai, sai mu juya kan Ingila. Ita ma ta fi kusa, ba sai an sha wahalar biza ba."

Barista Manasseh ya tsiyaya ruwa a kofi ya sha a hankali.

"Yallaɓai, bari in faɗa maka a fili. Wasa kuka yi. Fansho na wanda ya yi aikin gaske ne."

Nan mutumin ya yi dariya irin ta wanda ya ga duniya, har ya dafa kafaɗar Issifu.

"Barista, ka daɗe ba ka je gida ba. Kawuna ya koyar shekara talatin da biyar a wata jiha da ba zan faɗi sunanta ba. Aikin gaske, da alli da komai. Duk shekara sai ya je tantancewa, ya tsaya a rana don ya nuna yana raye. Har yau suna dubawa. Maƙwabcinsa kuwa bai taɓa riƙe alli ba, ya rasu shekara tara, kuma ko wata ɗaya ba a fasa biyansa ba. Bara ma aka yi masa ƙarin girma. Kai kana ce mini aikin gaske. Fansho ba ya bin aiki, takarda yake bi. Ga rantsuwa, ga labari, ga shaida. Abin da matar lasifika ta ce ke nan."

Barista ya juya ga Issifu, da alamar mai fatan samun mai hankali ɗaya a ɗakin.

"Malam Issifu, kai ne shaidan?"

"Ni ne, Lawyer."

"Ka gan shi a fagen yaƙi?"

"Da idona biyu. Ni na harbe shi."

"Kai ka harbe shi."

"Asabar na harbe shi safe, na harbe shi yamma. Lahadi mun canza riga, na harbe shi kuma."

"Issifu," in ji mutumin, "ka tsaya a kan jarumtakar."

"Massa, na ce zan faɗi gaskiya, rantsuwa ba wasa ba ne. Lawyer, mutumin nan ya mutu. Ya mutu da kyau. Kowa ya tafa. Wata tsohuwa ma ta yi kuka, ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya mutu kamar shi ba. Na Lahadi, walahi, bai tashi ba sai da aka kawo shayi."

"Sau nawa ke nan?"

"Uku."

Barista ya rubuta "uku" a takarda, ya ja layi a ƙarƙashi. Daga nan ya jingina da kujera, kuma masu zuwa ofishin sun ce wannan ne karo na farko da aka ga wani abu mai kama da jin daɗi a fuskarsa.

"To Yallaɓai, an zo wurin. Shekaru ka ce za ka gyara. Gudu daga runduna ka ce riga ce. Amma shaidanka, wanda kai ka kawo shi da kuɗin motarka, ya tabbatar ka mutu a fagen fama. Mamaci ba ya neman fansho da kansa."

"A gida yana nema."

"A gida. A dokar Amurkawan nan, in soja ya mutu, matarsa ce ke nema."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Issifu ya ɗauka ya karaya, har ya fara ba shi haƙuri. Ashe lissafi yake yi.

"Barista, na matar ya kai na mijin?"

"Ban bincika ba."

"Ko bai kai ba, ai gida ɗaya ne. Rubuta mini."

Barista Manasseh ya ga wannan ita ce hanya mafi kusa zuwa abincin ranarsa. Ya ɗauki farar takarda ya rubuta layi uku: cewa bisa shaidar Malam Issifu, mai wannan takarda ya mutu a fagen yaƙi ranar Lahadi biyar ga Yuli, kuma duk wani haƙƙi, in akwai shi, na matarsa ne. Bai sa hannu ba, bai buga hatimi ba. Mutumin bai lura ba. Ya sauko bene da gudu, sai da Issifu ya biyo shi da sandar.

Kashegari da hantsi, Saudatu ba ta da aiki. Ya gyara zama a ramin kujerarsa, ya ɗora ƙafa a filo, ya kira ta.

"Kin ce takardar lauya. Ga ta."

Ta goge hannu ta karɓa. Ta karanta sau ɗaya, ta sake karantawa.

"Nan an ce ka mutu."

"A takarda kawai. Ke za ki nema a matsayin matar marigayi. In kuɗin ya zo, kin san dai wanda ya sha harbi."

"Lauya ne ya ce ka mutu?"

"Da shaida. Issifu a shirye yake ya rantse."

"Kai ma ka yarda?"

"Ni na fi kowa yarda. Ina wurin aka yi."

"Allah ya jiƙanka."

"Amin. Sa hannu nan ƙasa."

Ba ta karɓi biron ba. Ta nufi kicin, ta tsaya gaban kalandar masallaci da ke manne a jikin firji. Ya ji tana juya shafuka tana ƙirga wani abu a hankali. Daga nan ta hau sama. Ya ji ƙarar ruwa, ya ji an buɗe akwatin da ba a buɗewa sai da biki. Bayan rabin sa'a ta sauko cikin leshin da ta sa a bikin 'yarsu Aliya, da sarƙa, da jan baki, ƙamshin humra ya riga ta isowa falo.

"Ina zuwa haka?" ya tambaya. "Ofishin jakadanci ba ya buƙatar kwalliya."

"Wata huɗu da kwana goma ne takaba, ko ba haka ba?"

"Haka ne, amma..."

"Ka mutu biyar ga Yuli. Yau sha biyu ga Nuwamba. A lissafin watan Musulunci, na fita tun shekaranjiya ban sani ba." Ta gyara ɗankunne a madubin bango. "Tashi daga kujerar nan, bawan Allah, kada masu zuwa gaishe ni su ɗauka akwai namiji a gidan."

Gwiwar ta warke kafin azahar.