Kujerar da Ta Rasu a Layin Tsaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai shan man zafi, Malam Shafi'u Garba, ɗalibin digiri na uku a fannin shari'a, mazaunin hawa na sha ɗaya a unguwar Cheras ta ƙasar Malesiya, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar doguwar kujerar falonsa mai cin mutum uku. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da misalin ƙarfe tara da rabi na safe, bayan gajeriyar jinya ta minti huɗu.

Yana fatan sanarwar nan ta isa ga kowa, musamman maiɗakinsa Hajjo, wadda take Kano wajen bikin ƙanwarta, wadda kuma ya tabbata tana cikin wannan zauren na WhatsApp. Sau huɗu yana ɗaukar waya zai kira ta, sau huɗu yana ajiyewa. Hajjo ce ta zaɓo marigayiya. Ita ce ta taka titin Jalan Tuanku Abdul Rahman shago bayan shago har ta samo yadi ruwan ƙasa, ta ɗinka mata riga da hannunta. Da za ta tafi, kashedi ɗaya ta bari: kada a ci abinci a kan kujerar nan. Malam Shafi'u yana so jama'a su shaida ba a ci ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Shekara shida tana ɗauke da shi da kwamfutarsa, ba ta taɓa tambayarsa yaushe zai gama karatu ba, abin da surukansa ba su iya yi ba. Duk baƙon da ya sauka daga gida bai sami ɗaki ba, a kanta yake fara barcin Malesiya. Ba ta da yawan magana. In siriri ya zauna ta ce “ƙiiƙ.” In abokinsa Tajuddeen mai ƙiba ne, sai ta sauke dogon numfashi, “fuuu,” ta yi shiru irin na wadda ta san duniya.

Ciwon ajalinta ya shigo ne ta hannun maƙwabci, Haggai, injiniya ɗan Jos, wanda ya koya wa gidan kallon ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita. Saboda bambancin lokaci, wasan Lahadinsu da safiyar Litinin yake riskar Cheras, daidai lokacin da ya kamata mutanen kirki su kasance a laburare. A wasan akwai wata dabara. In saura taku ɗaya a tsallake layi, mai jefa ƙwallon sai ya ƙanƙame ta, ya sunkuya, ƙarti biyu su dafa bayansa su tura shi ta cikin masu tsaro. A can ana ta muhawara ko a hana wannan turin. A nan falon ma aka ɗauka.

Malam Shafi'u yana ganin a hana. A cewarsa wannan ba gwaninta ba ce, turin mota ne, kuma ba a ba direba lambar yabo don fasinjoji sun fitar da shi daga taɓo. Haggai ya ce ai ba a ɓoye wa kowa dabarar ba, masu neman a hana ta kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ne ya nemi a soke kwas ɗin. Sai Tajuddeen, mai nazarin ƙididdiga, wanda ba ya goyon bayan kowa sai gurasar roti da ya yo ƙunshinta daga shagon abincin mamak, ya ce duk surutu suke tunda babu mai hujjar gwaji.

Da a gaban wasu mutanen aka faɗi haka, da an yi dariya an ci gaba da kallo. Masu bincike uku ne a ɗakin. Nan take aka tsara gwaji. Kujera ta zama masu tsaro, gwandar da ke kan firiji ta zama ƙwallo, Malam Shafi'u kuwa, da yake ya fi kowa rashin nauyi, ya zama wanda za a tura. Zagayen farko shi kaɗai ya shiga, marigayiya ta ce “ƙiiƙ,” ba ta gusa ba. Na biyu Haggai ya tura, ta ce “fuuu,” ta daure. Tajuddeen ya ce gwaji biyu ba ya zama sakamako, ya lashe yatsunsa ya shiga sahu. An auna nisa, an rubuta nauyin kowa, amma babu wanda ya lura cewa masu tsaro a fili suna da wurin ja da baya, ita kuwa bango ne a bayanta.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce “ƙaras!”

Malam Shafi'u ya tsallake layin, kansa ya gaisa da bango, gwanda ta watse a kan rigar ruwan ƙasa. Haggai ya ce an tabbatar ba a iya tsayar da dabarar. Malam Shafi'u, daga inda yake kwance, ya ce an tabbatar tana kisa. Tajuddeen ya ce kujera ɗaya ta yi kaɗan a yanke hukunci, a nemo wata.

Marigayiya ta bar filo biyu, da teburin tsakiya mai ɗingishi, da talabijin da bai nuna ko alamar nadama ba. A cikin cikinta an tarar da rimot ɗin da aka zargi baƙi da ɗaukewa, da filashin da ke ɗauke da babi na uku na kundin digirinsa, wanda tuni aka shaida wa malamin da ke duba aikin cewa ya salwanta. Ana roƙon a rufa wannan asirin.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Gawar ba ta shiga lif, don haka ana buƙatar majiya ƙarfi shida su sauko da ita hawa sha ɗaya zuwa wurin ajiye tarkace. Za a karɓi gaisuwa a falo, a kan tabarma, mai ciwon gwiwa ya zo da abin zamansa. Jirgin Hajjo zai sauka ranar Juma'a da hantsi. Ana umartar Haggai da Tajuddeen su raka mai makoki filin jirgi, kuma wannan karon a gabansa za su tsaya.