Rasuwar Sauro, Babur Mai Bugu Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake kwanakin nan ban san ainihin abin da ke cikinta ba, ni Kuwabara Shigenobu nake sanar da 'yan'uwa da abokan hawan dutse da babur rasuwar babur ɗina mai irin injin nan da ake kira bugu biyu, wanda matata Sumako ta laƙaba wa Sauro saboda muryarsa. Ya rasu ranar Lahadi a gangaren bayan tsohuwar ma'aikatar katako, yana da shekara talatin da 'yan kai.

Marigayi ba shi da nauyi. Wannan ita ce babbar shaidar da zan yi masa. Yana da hayaƙi, yana da surutu, wiiin-din-din-din tun daga gindin dutse har ƙoli, kuma ba ya shan fetur sai an gauraya masa da baƙin mai. Amma idan saiwa ta kayar da mu a tsakiyar daji, ni kaɗai nake tayar da shi, har bana da na haura saba'in. Babura masu bugu huɗu sun fi shi natsuwa a kan santsi, sun fi shi tsimin mai. Na ji, ban taɓa musawa ba.

Ajalinsa ya zo ta hannun surukina Norihisa, mijin 'yata Kazue, yaron kirki, wanda mai bugu huɗu kawai ya sani. Ya are shi. Da ya iso dogon gangare sai ya yi abin da ya saba: ya saki totur, ya sa ƙaramar giya, ya bar inji ya riƙe shi. Nasa babur haka yake so. Shi kuwa Sauro, man da ke jiƙa cikinsa tare da fetur yake shiga. Ka rufe totur, ka toshe masa maƙogwaro ke nan. Ya yi ta juyawa a bushe har ya ce ƙiii, ya cije.

Bakanike Umezu ya buɗe shi, ya leƙa, ya mayar da murfi. Ya ce, "Kai Shigenobu, ni da na girme ka ma na fi wannan sauran kwana. Masu ƙera kayansa sun daɗe da bari."

Washegari Norihisa ya turo nasa babur har ƙofar gida, ya rusuna kamar zai karye. "Baba, ina roƙonku ku karɓi wannan." Na karɓa. Lafiyayye ne, dum-dum-dum, kamar mai hankali. Ina juya shi a tsakar gida, fili shimfiɗaɗɗe, sai ya kwanta. Na kama na ja. Na sa baya na tura. Ko motsi. Sumako tana shanya, a kan idonta aka yi, ita ta kirawo maƙwabci.

Ta ce, "Baban Kazue, nan fa tsakar gida ne. A can kan dutse wa za ka kira, barewa?"

Ni da maƙwabcin muka taru muka tayar da shi.

Marigayi ya bar rabin galan na gaurayayyen mai da babu mai sha, da 'yan fulogi a aljihun rigata, da baƙin tabo a bangon rumfa, sai kuma ni. An yafe wa Norihisa, an mayar masa da babur ɗinsa. Kada kowa ya yi masa kallon banza a wurin taro.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a harabar haikalin ƙauyenmu. Malamin haikali zai yi masa irin addu'ar da yake yi wa tsofaffin allurai da almakashi, kowa ya kunna turarensa. Masu bugu huɗu ma su zo, amma a kashe inji tun daga gada. Akwai shayi da dunƙulen shinkafa. Motar 'yan gwangwan za ta iso da yamma.

Wanda ƙafarsa ta zo daidai da tawa ya ɗan tsaya bayan an watse. Akwai takalman hawa da hular kwano, masu kyau ne, an goge su.