Nomau da Rufin Ajin Turanci

A ƙauyen Tsaunin Gora akwai wani mutum wai shi Nomau, yana zaune da matarsa Kande da awakinsu. Mutum ne da ba ya cutar ko ƙuda, amma duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka zai ɗauke ta. Da aka buɗe ajin manya a wani tsohon soro, shi ya fara zuwa, don babu abin da yake so a duniya kamar ya ji Turanci a bakinsa.

Wata rana Malam Hashimu, mai koyarwa, yana nuna musu yadda ake faɗin abin da ya wuce. Ya ce kowa ya maimaita da Turanci: jiya na hau jaki. Aji ya ɗauka, Nomau ya yi gum.

"Kai fa?"

"Allah gafarta Malam, ni ban hau ba."

"To, ka san yadda za ka yi ka faɗa!"

Washegari sai ga shi da kumburarren goshi, jakin maƙwabci ya kayar da shi. Ya miƙe ya faɗi jimlar nan tsaf, ko tuntuɓe babu.

Wata rana kuma Malam ya koya musu cewa aikin ɗaya dabam ake faɗinsa da na masu yawa: akuya tana ci, awaki suna ci. Ya ce a je gida a gwada. Nomau ya tarar Kande ta shanya gyaɗa. Ya kwance akuya ɗaya, ta hau cin gyaɗar, ya faɗi tata jimlar, sannan ya saki sauran, ya faɗi tasu. Kande ta biyo shi da muciya har bakin aji. Malam ya rantse in Nomau ya ƙara, ya bar karatun ke nan. Ran nan Nomau ko tuwo bai iya ci ba.

Wata rana aka zo kan abin da bai faru ba tukuna. Malam ya ɗaga kai yana neman misali, ya ce a maimaita: gobe za mu fita waje mu gyara rufin nan. Kowa ya faɗa, kowa ya manta, ban da mutum ɗaya.

Kashegari Malam da 'yan aji suka tarar an kwashe benci duk an jera a gindin darbejiya, Nomau ya tokare ƙofa.

"Matsa mu shiga!"

"Malam, jiya mun ce za mu. Da bakinmu, mu duka."

Ran Malam ya ɓaci. "Ɗauki hularka. Daga yau ba kai ba ajina."

Hawaye ya cika idon Nomau, amma bai matsa ba. Sai aka ji ƙas, sannan rugugum! Rufin ya rufta daidai inda suke zama, ashe gara ta cinye azarar tas. Sai salati ke tashi a hankali. Mu da muka gani, har yau in mun tuna sai tsigar jikinmu ta tashi.

Malam ya juyo ya dubi Nomau. Nomau kuwa ya duƙa ya ɗauki kwandon ƙasa.

"Malam, mun fita waje. Saura gyaran."

Malam Hashimu ya matso. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe, ya karɓi kwandon.