Gudumar Baba Agali

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fasa sukari a gidan surukina. A lokacin ma bai zama surukin nawa ba, nema nake yi.

'Yan shekaru ne bayan Faransawa sun bar Aljeriya. Na zo Tamanrasset daga Damagaram ina tsaron shagon kawuna a unguwar Sersouf, kuma a shagon na fara ganin Hadiza, 'yar Baba Agali, wani dattijon Buzu mai lambu da awaki a ƙauyen Outoul. Da magana ta yi nisa, Kawu ya ce mu je mu gaishe shi. Muka hau bayan wata tsohuwar motar kamyo, ina rungume da kan sukari biyu da ganyen shayi.

Muka tarar da shi a inuwar ɓaure tare da ƙanensa. Bayan gaisuwa aka hura gawayi. Ni kuma, don in nuna ɗan kirki ne, na yi caraf na ce zan fasa sukarin (babu wanda ya sa ni, wallahi).

Baba Agali ya ce, "To madalla, ɗana. Shiga ɗakin can, akwai jakar fata a rataye, gudumar tana ciki."

Na zazzage jakar a ƙasa, sai kaina ya ɗaure. Ƙarafa ne tsofaffi birjik, babu wanda na taɓa gani. Wani ya lanƙwashe kamar wutsiyar kunama. Wani kamar cokali, amma bakinsa da kaifi. Wani dogo mai zobe a kai, na juya shi sama, na juya shi ƙasa, ban gane ina ne mariƙinsa ba. Akwai wani siriri na tagulla mai zane-zane, na ce wannan kayan adon mata ne, na ajiye shi gefe da ladabi. Can sai ga wata 'yar guduma mai ƙotar ice, ta yi sumul saboda shan hannu. Na ce alhamdu lillahi.

Zuciyata ta ce in leƙo in tambaya. Amma na hango Hadiza tana leƙe ta bayan darni. Saurayi ya fito yana tambayar wace ce guduma? Haba.

Na tsuguna a bayansu na farfasa sukarin nan tas, na miƙa a faranti. Baba Agali ya dafa shayi, ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Aka sha kofin farko. Kawu har da lumshe ido. Ganin haka na matso gaba, na ajiye gudumar a kan tabarma, kowa ya ga kayan aikin gwani.

Baba Agali ya dubi gudumar. Ya dube ni. Ya ce wa ƙanensa wani abu da Buzanci, ƙanen ya ja rawaninsa ya rufe har idanu, kafaɗunsa suna rawa. Ni dai ban gane komai ba, sai na yi ta murmushi (a zatona yaba ni ake yi).

"Ɗana, da wannan ka fasa?"

"Da ita, Baba. Ai tana da daɗin riƙo."

"Tana da shi kam. Ta mahaifina ce. Da ita muke dandaƙe bunsurai. Shekaranjiya ma na yi wa biyu."

Kawu yana da guntun shayi a baki. Bai haɗiye ba, bai tofar ba, kumatunsa a kumbure yana hararata. Daga bayan darni na ji dariya ta kubce wa wata, sai ƙarar takalma a guje.

Na ce da murya ƙasa-ƙasa, "To Baba, ta sukarin fa?"

Ashe siririn tagullar nan ne da na kira kayan adon mata.

Na yunƙura zan zubar da sauran sukarin, tsohon ya riƙe hannuna. "Zauna. Shayi uku ne, ba a tashi a kan na farko. Wuta ta riga ta tsarkake shi." Haka muka shanye na biyu da na uku, ban ƙara ɗaga ido ba.

Ya ba ni Hadiza dai. Ya ce mutumin da ya iya zama ya shanye kunyarsa har kofi uku zai iya riƙon gida. Amma har ya bar duniya, ko allura zan ɗauko masa sai ya ce in kawo ya gani tukuna.

Abin da na koya shi ne, kunyar tambaya a cikin ɗaki take ƙarewa. Ta rashin tambaya kuwa, da ita ake yi wa jikokinka hira.