Waƙi'ar Bakin Ƙofa, Ranar da Aka Ceci Filin Ƙwallo

Bayan yabon Mai kowa mai komai, wannan tarihin Malam Sabi'u ne, ɗan Iliyasu mai facin taya, jikan Tanko wanda ya taɓa tsere wa kare a Gumel, Sadaukin Usur, Barden Zilliya, Garkuwan Raga, malamin motsa jiki a sakandaren garinmu, wanda ya rubuta wannan da hannunsa saboda duk marubutan zamani sun ce suna da uzuri.

Fitina ta kunno kai ne ranar da shugaban makaranta, Alhaji Haladu, ya dubi filin ƙwallo ya hango gonar wake. Ya yi alwashin in zango ya ƙare bai ga amfanin wannan guje-guje a jikin yara ba, to da saukar ruwan fari garma za ta shiga. Wallahi gwarzo ya ga ta kansa, don in babu fili babu shi.

Sai ya yi ɗamara, ya jera gwangwanayen madara a matsayin dakarun abokan gaba, ya tara rundunarsa ta 'yan aji biyar, ya hore su safe da yamma a kan yanka da birki da juyi, da yadda ake nuna wa mutum hagu a bi ta damansa, har samarin da da suke tafiya kamar an ɗora musu buhun gero suka koma ba sa kamuwa. Alhaji Haladu dai ko leƙe bai yi ba.

Ana nan, wata Litinin mai tarihi, tsaron ƙofa ya faɗo kan Barde. Ya tokare hanya da bulala a hannu, usur a baki, yana jiran 'yan latti. Sai ga su tafe, kuma ba kowa ba ne illa rundunarsa, Nafi'u Dogo a gaba.

"Kowa ya durƙusa!" in ji Barde.

Nafi'u ya karkata hagu, Barde ya bi hagu, Nafi'u ya wuce ta dama. Na bayansa ya taka birki, bulala ta zane iska. Wani ya yi juyin da Barde ya ɓata mako guda yana gyara masa, ya kuwa yi shi daidai, abin haushi. Da na ƙarshe ya matso, Sadauki ya tattara martabar kakanninsa ya yi tsalle, ya rungumi sarari, ya dira a kwatar bakin ƙofa, usur ya busa kansa.

Da ya ɗago, ga takalmin Alhaji Haladu a gaban hancinsa.

"Na ga amfanin, Malam, fili naka ne," in ji shi. "Amma tunda kai ka koya musu, ƙofar ma taka ce har ƙarshen shekara."

Har yau Barde na nan a bakin ƙofa, ƙugu ɗaure da tsumma, bai kama ko mutum ɗaya ba.