Cingam a Wuyan Fure

Ko da zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga rumfar furannin Tanti Habiba ba.

Tanti Habiba ƙawar Mama ce. Da ta yi ritaya daga aikin ofis sai ta koma unguwar Sodiko, nan Douala, ta kafa rumfar gilashi a bayan gida, tana rainon wasu furanni masu tsada da ake kira orkide, tana sayar wa otal-otal. Ni kuwa lokacin na ari kyamarar yayana, na cika unguwarmu New Bell da labarin na zama mai ɗaukar hoto (bikin suna ɗaya na taɓa ɗauka, shi ma rabin baƙin sun fito ba kai). Tanti na neman hotunan talla, Mama ta ce ai ga 'yarta.

Na ci ado, na yafa gyale mai tsawon da ba shi da dalili, na hau bensikin, wato acaba, muka tsallaka gada.

Kun dai san zafin Douala. To, cikin rumfar nan sai ka ce an rufe ka a madambaci. Hodar fuskata ta fara gangarowa tun kafin mu gama gaisawa.

"Ɗauki duk wanda kike so, 'yata," in ji Tanti. Sai ta nuna wani fure guda, jaja-jaja mai ɗigon fari. "Amma wannan daga nesa. Shekaru nake jiransa, jiya ya buɗe. Yau wata manajar otal za ta zo ganinsa."

Tana fita tarar baƙuwar, na ce ai ƙwararru ba sa ɗauka daga nesa. Na matsa, na durƙusa, na karkata kai kamar yadda nake gani ana yi. Ina miƙewa gyalen ya sarƙe a wuyan furen. Ƙas!

Furen a ƙasa.

Mai hankali zai fita ya faɗi gaskiya. Ni sai na tuna akwai cingam a bakina. Na ciro shi, na liƙa furen a mazauninsa, na ja baya na duba. Wallahi har na yaba wa kaina.

Suka shigo suna zuba Faransanci. Manajar ta dafe ƙirji tana "Magnifique!" Tanti, cike da alfahari, ta ce, "Zo ki ɗauke mu tare da shi."

Suka sa shi a tsakiya. Na ɗaga kyamara, na ce su yi murmushi. Ta cikin gilashin kyamarar nake kallo lokacin da furen ya sunkuyar da kai, ya fara saukowa a hankali, farin zare na binsa, yana lilo tsakanin fuskokinsu kamar gizo-gizo. (Don ruɗewa har na danna, hoton na nan.)

"C'est quoi ça?" in ji manajar, wato mene ne wannan.

A nan ne ya kamata in yi shiru. Sai na ji bakina na cewa, "Ƙaro ne, Tanti. Haka suke fitarwa idan sun ƙosa."

Tanti ta dangwali zaren, ta kai hanci. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ƙaro mai ƙamshin na'ana'a?"

Manajar ta yi dariya har ta zauna kan bokiti. Tanti ko murmushi. Ta ɗora mini furen a tafin hannu, da cingam ɗin da komai, ta ce, "Ki gaida mamanki."

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Mama ta tasa ni gaba muka koma ba da haƙuri, Tanti ta yafe, amma ta yanke mini hukuncin wankin tukwanen fure duk Asabar har furen ya sake buɗewa. Ya kuwa ɗauki lokacinsa. A unguwa har yau Madam Cingam ake kirana, yara ma sun zaci sunan yanka ne.

Abin da na koya: idan ka yi ɓarna, faɗi tun bakinka na da daraja. In kuma ka rantse sai ka ɓoye, to ka sani cingam ba ya riƙe sirri a zafin Douala.